Kifin da Ke Goyo a Baki

Layin Reluwe,
Kafanchan.
14 ga Mayu, 1989.

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin sauƙi. Yaya idon? Yaya Mama da zaman jinya? Ina gaida Yaya Caroline da mutanen gidanta a Sabon Tasha, Allah ya saka musu da suka ba ku masauki. Idan kun tambaye mu, muna nan lafiya, sai kewarku.

Na san Mama ce za ta karanta maka, tunda likita ya hana ka duba takarda. Mama, ki yi haƙuri da rubutuna, kuma don Allah kada ki tsallake wurin maganar kifi ko da ya gundure ki.

Gwaggo Tamar ta iso daga Gwantu da yamma ranar da kuka tafi. Ta zo da acca da ɗan manja. Ta ce ta bar gonar cittarta a hannun Allah da maƙwabta saboda ƙanenta ne ke kwance, in da wani ne ba za ta motsa ba a farkon damina. Da ta shiga falo ta ga akwatin gilashi, ta daɗe a tsaye. Ta tambaye ni wane irin kifi ne wannan mai kala kamar zanen Zumuntar Mata ta coci. Na ce sunansu sikilid, dangin karfasa ne, wani injiniya Ba'indiye da ka yi aiki da shi a loko, wurin gyaran kan jirgin ƙasa, ya bar maka su lokacin da zai koma ƙasarsu. Ta ce a wane wata ake cinsu. Na ce ba a ci. Ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta ce tun kana yaro haka kake, ka taɓa kiwon ƙadangare a tukunya. Yanzu 'yan gata take kiransu.

Ina yin duk abin da ka nuna mini. Ina tara ruwan famfo a duro ya kwana biyu kafin in zuba musu. Ina daka kirifish in ba su kaɗan safe da yamma. Ba na taɓa akwatin da sabulu.

Dalilin wannan takarda shi ne Madam, babbar macen cikin kifayen. Tun tsakiyar mako ta daina cin abinci. Idan na zuba, Direba namijin da Ƙarama ɗaya macen suna rububi, ita kuwa sai ta zo kusa ta duba ta juya. Ƙasan haɓarta ya kumbura, tana motsa baki kamar mai tauna goro, kuma kullum tana bayan dutsen nan mai rami. Da farko na tsorata. Sai na tuna Direba ya haƙa rami a yashi satin da ya wuce, ya yi ta karkaɗa jiki a gabanta. Baba, ina jin ƙwai ne a bakinta.

Na tuna abin da ka ce ranar da kake haɗa kaya, cewa su ukun nan ne suka rage, duk sun tsufa, kuma duk haihuwar da aka yi a baya manya sun cinye ko rashin wuta ya kashe. Ka ce in aka rasa wani karo, iri ya ƙare ke nan, ba inda za ka samo su a ƙasar nan. Me ya sa ta jira sai da ka tafi?

Ka aiko mini da abin da zan yi ta hannun Kawu Kaleb na reluwe, ya ce jirgin Kaduna zai riƙa bi duk wannan wata, shi zai kawo maka wannan ma. Ni dai abin da nake roƙo, ranar da za a gama maka aiki ka dawo, ka shigo falo ka ga 'ya'yanta da idonka.

Allah ya ba likitoci hikima. Gwaggo tana gaishe ku.

Ni ce 'yarka,
Afiniki Zamani.

Kafanchan,
25 ga Mayu, 1989.

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya ƙarfin jiki? Yaya Mama? Na ji an sake ɗaga ranar aikin saboda yawan mutane a layi. Ka ƙara haƙuri. Fasto ya sa sunanka cikin addu'a ranar Lahadi.

Saƙonka ya iso. Mama ta rubuta cewa da ka ji labarin Madam ka tashi zaune har ka nemi a ƙara maka tuwo. Na karanta wurin sau da yawa.

Na yi yadda ka ce. Na yanki ragar sauro daga tsohuwar tagar bayan gida, na ɗaure ta a jikin kara, na raba akwatin biyu. Madam tana gefe ita kaɗai da dutsenta. Amma akwai labari marar daɗi. Da Direba ya rasa Madam sai ya juya kan Ƙarama, ya yi ta korarta yana cizo. Ban san haka zai yi ba. Shekaranjiya da safe na same ta a saman ruwa, fiffikenta duk a yage. Na binne ta a gindin gwanda. Gwaggo ta ce ko kyanwa ai da ta samu. Yanzu Madam ce kaɗai mace.

Abu na biyu, iskar ranar Asabar ta kayar da falwaya a bakin layinmu, tun ranar ba mu da wuta. Injin kumfa mai hura wa kifin iska ya tsaya. Na ɗauko famfon kekenka na haɗa da tiyon kamar yadda na ga kana yi. Idan na ga suna hawowa sama suna haki, sai in zauna in yi ta bugawa har su sauka. Kafin in gama wanke-wanke sun sake hawowa. Famfon ruwa ma ya ƙafe tare da wutar, sai rijiyar gidan Malam Hussaini mai kemis nake zuwa. Matarsa A'i tana da kirki, takan taya ni ɗora bokiti. Kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa sosai yanzu. Jiya na yi gyangyaɗi a kan famfon, na farka goshina a jikin gilashi. Ba ƙara nake kawowa ba, Baba. Ina faɗa ne kawai don ka ce in riƙa gaya maka komai.

Gwaggo ba ta jin daɗin abin. Ta ce a garinmu yarinya kamata ta riga ta iya noman kunya guda kafin rana ta yi zafi, ni kuwa an bar ni ina yi wa kifi fifita. Ta ce Madam ba ta da lafiya, duk dabbar da ta ƙi ci mutuwa take nema, a cire ta tun ba ta ɓata ruwan ba. Na so in gaya mata cewa 'ya'ya ne a bakin, shi ya sa ba ta ci. Na shirya maganar tun a rijiya, da Hausa da kuma yarenmu. Da na tsaya gabanta ta ɗago ido ta ce mene ne, sai na ce ba komai, gishiri ne ya kusa ƙarewa. Ka san yadda nake. Kuma ina tsoron ta ce ina yi wa babba gardama, ko ta yi mini irin dariyar nan tata.

Madam ta rame, cikinta ya lotsa. Amma in ta juyo wajen haske, ina hango wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe ta cikin fatar haɓarta. Ina jin idanunsu ne.

Ka gaida Mama. Ka ce mata kajinta suna nan, baƙar ta fara kwanci.

'Yarka,
Afiniki.

Kafanchan,
4 ga Yuni, 1989.

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana samun sauƙi. Yaya Mama, yaya mutanen gidan Yaya Caroline? Mu jikinmu lafiya.

Baba, na fara wannan takarda na yaga, na sake farawa. Mama, ki karanta masa duka yadda yake, kada ki gyara.

Ranar Alhamis da hantsi Madam ta saki 'ya'yanta. Ina shara na gan su. Sun fito kamar an watsa tsabar acca cikin ruwa, ƙanana, masu manyan idanu, suna yawo kusa da yashi, ita kuma tana tsaye a kansu. Na ajiye tsintsiya na durƙusa. Ban san lokacin da na kira Gwaggo ba, ni da ba na kiran kowa.

Ta fito daga kicin da muciya a hannu ta sunkuya a kan gilashin. Da inuwarta ta faɗa ruwan, Madam ta buɗe baki, yaran suka ruga suka shige, waɗanda suka makara ta bi su ta tsince ɗaya bayan ɗaya. Kafin ƙiftawar ido babu ko ɗaya a waje.

Gwaggo ta dafe ƙirji. Ta ce yau ta ga abin da ya fi ƙarfinta, uwa ta haɗiye 'ya'yanta da rana tsaka. Ta ce wannan ai irin kaza mai shan ƙwanta ce, a gida in an kama ta ana ƙona mata baki da garwashi, in ta sake sai tukunya, domin in ta ɗanɗana ba ta bari. Na ce a'a Gwaggo. Iyakar abin da ya fito ke nan, kuma ina jin ma ba ta ji ba, don miya tana ƙonewa ta koma kicin. Na ce a raina da yamma zan yi mata bayani. Da yamma baƙi suka zo gaisuwar jinya. Na ce gobe.

Washegari ta aike ni kasuwa niƙa. Injin ya cika da mutane, na daɗe. Da na dawo na same ta zaune a bakin ƙofa da farin kwanon silba a cinya, fuskarta cike da murna. Ta ce in zo in ga aikin manya. Ta sake ganin Madam ta saki yaran ta kuma kwashe, sai ta sa rariya ta kamo ta, ta matse mata kumatu kamar yadda ake yi wa akuya in ta haɗiyi leda, ta buɗe bakin da tsinken tsintsiya, yaran suka zubo cikin kwanon. Ta ce ta cece su da sauran ransu, ƙanenta zai gode mata.

Na tambayi Madam. Ta ce muguwar tana bayan gida, ta ware ta. Na same ta cikin gwangwanin fenti da ɗan ruwa, a rana. Ruwan ya yi zafi kamar na wanka. Na mayar da ita akwati na yi ta buga famfo, tana kwance a gefe ɗaya, bakinta a yage. Kafin la'asar ta daina motsi.

A nan ne bakina ya buɗe, lokacin da ba shi da amfani. Ina kuka na gaya wa Gwaggo cewa ba ci take yi ba, goyo ne. Ba ta da baya ba ta da zane, bakin nan shi ne zanen goyonta. Mako uku cur ba ta sa komai a ciki ba don kada ta haɗiye su. In ta ga abin tsoro sai ta kwashe su, in ya wuce ta sake su.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a kan tabarma ta ce, ke kin san haka tun yaushe. Na ce tun farko. Ta ce to me ya hana ki faɗa, ni dodo ce? Ranar ba ta ci tuwo ba. Ita ta haƙa ramin da kanta a gindin gwanda, ta ce uwa ce, ba za a ba kyanwa ba.

Yaran da suka zubo sun haura ashirin, amma wasu tsinke ya taɓa su, sun mutu a kwanon. Sauran na sa su cikin tulun gilashin tsohon batirin siginar jirgin ƙasa da ka ajiye a ƙarƙashin gado. Na wanke shi da yashi, na cika da ruwan akwatinsu. Ban sa su tare da Direba ba ko da raga.

Ka yafe mini, Baba. Kada ka ga laifin Gwaggo. Ka gaya mini abin da ake ba marayun kifi.

Ni ce,
Afiniki.

Kafanchan,
21 ga Yuni, 1989.

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun gode wa Allah da jin an yi aikin lafiya. Kawu Kaleb ya ce ya gan ka da bandeji kana ba'a da masu jinya. Yaya zafin wurin? Mama, sannu da ƙoƙari.

Na gode da ba ka yi fushi ba. Na karanta wa Gwaggo wurin da ka ce ko Ba'indiyen ma haka yake buɗe musu baki, sai dai shi ba da tsintsiya ba. Ta yi tsaki ta ce har kana kwance ba ka bar tsokana ba, amma na ga ta goge ido da bakin zane.

Ina dafa ƙwai in ɗebi gwaiduwa kamar kan ashana, in sa a ƙyalle in matse cikin ruwa. Suna ci. Sai dai gwaiduwa tana ɓata ruwa da sauri, kullum sai na zuƙe ƙasan tulun da tiyo na sake sabo. Sau biyu na zuƙo yaro ban sani ba, sai a bokiti na gan shi. Yanzu nakan duba bokitin a rana kafin in zubar. Wani lokaci da safe in tarar ɗaya ya yi fari a ƙasa, ban san dalili ba. Na daina ƙirga su don in na ƙirga ba na iya karyawa. Sun dai fi goma.

An gyara falwaya, amma wutar tana zuwa tana tafiya. Gwaggo ta karɓi famfon keke. In na tafi rijiya ita ke bugawa, tana yi musu waƙar daka da yarenmu. Ta ce ita ta mayar da su marayu, ita za ta yi musu fifita. Jiya ta ɗebo tsutsar sauro a tsohuwar taya ta ce a gwada, amma bakinsu bai kai ba tukuna. Direba ne ya cinye.

An aiko daga Gwantu cewa ciyawa ta rufe cittarta. Mu biyu mun gaji, Baba, gaskiya ke nan. Wani lokaci nakan zauna gaban tulun in rasa abin da ya kawo ni. 'Yan ajinmu da suka wuce sakandare suna wucewa ta layinmu da safe, ni ina ɗauke da bokiti, sai in bi ta bayan gidaje.

Yaran sun kai tsawon ƙwayar shinkafa. Ba su da kala tukuna, amma babban cikinsu ya fara nuna zane-zane a gefe. Yaushe za a kwance bandejin? Ka gaya mini don in san ko za su yi girman da za ka gan su ba tare da ka matsa ido ba.

Allah ya ƙara sauƙi.

'Yarka,
Afiniki.

Kafanchan,
9 ga Yuli, 1989.

Zuwa ga Mamana,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gajiya, yaya haƙuri? Wannan taki ce ke kaɗai, kada ki karanta wa Baba.

Takardarki ta same ni. Na karanta wa Gwaggo, ta rufe kai da zane ta daɗe a ɗaki. Na gane abin da likita ya ce, cewa jijiyar ta riga ta mutu kamar ta ɗaya idon, sai haske da duhu kawai. Na gane kuma dalilin da ya sa tun da aka kwance bandeji bai sake tambayar kifi ba, da abin da kika ce, cewa ba ya magana da kowa, sai ya juya fuska bango.

Kin ce in ba Malam Hussaini akwatin da duk abin da ke ciki kafin ku dawo, don kada Baba ya zauna a falo yana jin ƙarar kumfa ba ya ganin komai. Mama, zan gaya miki gaskiya. Da na karanta wurin, kafin kuka ya zo, wani sanyi na ji a kafaɗata. Na ce shi ke nan ba rijiya, ba famfo, ba gwaiduwa. Na kwanta da rana na yi barcin da ban yi irinsa ba tun watan Mayu. Da na tashi na ji kunyar kaina.

Malam Hussaini ya zo jiya da mai kura. Ya jajanta mana ƙwarai, ya ce Zamani abokinsa ne tun ana kawo masa magani ta jirgi. Ya ce zai sa akwatin a kemis inda yake da janareta, kuma duk ranar da Baba ya so abinsa a zo a ɗauka. Muka rage ruwan, muka sa Direba a bokiti, aka ɗora akwatin. Direba zai fi jin daɗi a can, ban hana ba.

Sai mai kura ya dawo ya sa hannu zai ɗauki tulun yaran. Na ce a bar wannan. Bai ji ba, ko ya ji bai kula ba. Na sake faɗa da ƙarfi har A'i ta leƙo ta katanga. Malam Hussaini ya ce 'yata, ai mahaifiyarki ta ce duka. Na ce masa na sani, ni zan amsa a wurinki. Ya dubi Gwaggo. Gwaggo ta ce kun ji ai, yarinyar ta yi magana, yau ba wanda zai ce bai ji ba.

Ban taɓa ƙin maganarki ba, Mama. Ki yi mini faɗa in kin dawo, zan tsaya. Amma shekara nawa yana jiran waɗannan, uwarsu ta mutu a kansu, Gwaggo ta rasa cittarta. In ya dawo ya ce a fitar da su, ni da kaina zan kai su kemis a ka. Ina so dai shi ya faɗa da bakinsa, kada ya tarar an share gidan kamar wanda ya mutu.

Na sa wata takarda a ciki, tasa ce. Ki duba ranar da ya ɗan saki fuska ki karanta masa.

Allah ya ba ki ƙarfi. Ki gaida Yaya Caroline.

'Yarki,
Afiniki.

Kafanchan,
9 ga Yuli, 1989.

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu. Yaya jiki? Na ji abin da likita ya ce. Ban iya irin maganar da Fasto zai yi maka ba, don haka ba zan gwada ba.

Direba yana kemis ɗin Malam Hussaini da babban akwati, aro ne. Yaran suna gida. Tara suka rage, kuma an kwana biyu ba wanda ya mutu. Sun kai gaɓar ɗan yatsana. Sun bar gwaiduwa, kirifish suke ci.

Ga abin da nake so ka ji. Kwanakin baya tiyo ya suɓuce mini cikin tulun, na sa hannu zan ɗauko. Akwai sauran garin kirifish a yatsuna. Sai na ji ana taɓa ni. Ba cizo ba ne, ba zafi. Kamar farkon yayyafi a bayan hannu. Na tsaya ban motsa ba, suka taru suna tsattsaga.

Tun ranar ban sake watsa musu abinci ba. A yatsa nake shafawa in sa hannu. Yanzu ko ba komai a hannun suna zuwa. Yau da safe na ce Gwaggo ta rufe ido ta gwada. Ta ce ita ba yarinya ba ce, sannan ta ɗaure fuska da ɗankwali ta tsoma hannu. Ta ce ga wani mai zafin nama a babban yatsa, wannan ɗan Direba ne ba tambaya. Ta ce ga wani kuma yana taɓawa yana gudu, wannan ni ya biyo. Na duba, wallahi babban ne a babban yatsa, ƙaramin cikinsu ne mai gudun.

Ban sani ba ko wannan wani abu ne a wurinka. Idan ba ka so, ka faɗa, ba zan ji haushi ba, ni ma na gaji. Idan kana so, Kawu Kaleb ya ce jirginku da rana zai iso. Ba zan ba su abincin safe ba ranar. Kai kuma kada ka bari Mama ta shafa maka mai a hannu, kuma in za ka wanke, ruwa kawai ban da sabulu.

Allah ya kawo ku lafiya. Gwaggo ta ce a gaya maka ta jiƙa acca.

Ni ce 'yarka,
Afiniki Zamani.